Albishir, Yaya: An Cire Ƙullutun

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya sa albarka a nema. Inna tana nan garau, sai dai gwiwar nan tata da ke motsawa in an yi ruwa. Yara suna makaranta, babban har ya fara satar takalmina yana sawa.

Yaya, albishirinka! Bari in ɗauko maka zancen daga tushe. Watannin baya ina wanka sai na ji wani ƙullutu mai tauri a jikin maraina na hagu, kamar 'yar tsakuwa. Ba ya ciwo, shi ya sa na ce zai baje da kansa. Bai baje ba. Ina kan keken ɗinki a shago amma hankalina yana can, har na liƙa wa rigar wani bawan Allah hannu a baibai. Ƙanwarka, uwar 'ya'yana, ce ta lura na daina 'yan waƙe-waƙena in ina guga. Ta tsare ni a ɗaki ta ce ba cin abinci sai na faɗi abin da ke damuna. Da na faɗa, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, washegari kuwa ita da kanta ta tasa ni gaba zuwa asibiti.

Likitan dattijo ne mai fara'a. Da ya ga ina ta kame-kame ina kallon rufin ɗaki, sai ya yi dariya ya ce in saki jikina, shi irin wannan yake dubawa tun kafin in iya sa zare a allura. Ya duba, ya tura ni hoto da gwajin jini. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu ya ce ƙari ne, kuma mugun irin, na daji. Wallahi Yaya, ji na yi kujerar ta ɓace a ƙarƙashina. Amma ya ce na zo da wuri, da alama bai yaɗu ba. Aka yi mini tiyata aka cire na hagun. Na tambaye shi ƙasa-ƙasa batun haihuwa da sauran sha'anin gida, ya ce ɗayan da ya rage ya isa ya yi aikin biyu.

To, jiya muka koma. Ya daɗe yana duban sabon hoton, sannan ya cire tabarau ya ce bai ga komai ba, tas nake, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa. Ƙanwarka ta fashe da kuka a gaban jama'a, ni kuwa na fito ina ta musabaha da mutanen da ban sani ba, har mai gadin ƙofa sai da na rungume. Alhamdu lillahi!

Saura magana ɗaya, ka yi mini afuwa in na yi rashin kunya. Likita ya tambaya ko ina da ɗan'uwa namiji, domin ciwon yakan fi kusantar 'yan'uwan wanda ya yi shi. Ya ce ka riƙa shafawa a hankali bayan wanka, in ka ji tauri ko kumburi, ko da ba ciwo, ka garzaya asibiti. Na san ka da kunya, ga taurin kai irin na marigayi Baba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa maza, kuma ba ni da wani Yayan bayan kai.

Ka gaishe mini da Anti, da 'yan biyu, da Ƙaramar Inna sarkin surutu. Inna da Gwaggo da ƙanwarka suna gaishe ku. Ina jiran amsarka, kuma layin farko nake so ya ce ka duba.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Auta