Baƙi Sun Yi Faɗa a Kan Baba

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya su Yesenia? Ni lafiya lau, wanke-wanke ne dai ya ɗan farfasa min hannu.

Asabar da safe aka karanta labarina a ajin marubuta, nan Los Angeles. Dokarsu, mai labari ba ya magana. Na ƙudurta in labarin bai taɓa zuciyar kowa ba, gida zan dawo.

Ana kaiwa inda marigayi Baba ya sayar da alfadarinmu, wata tsohuwa ta buga tebur: "Mutumin nan ba shi da imani!"

Wani ya ce, "Haba Doris, kin taɓa kwana da yunwa?"

Mama, baƙi na faɗa kan Baba kamar sun san shi! Bana ba zan dawo ba, ki yafe min. Ki tambayi Rogelio ɗan Gwaggo Chela, a idonsa aka yi faɗan.

Ɗanki,
Efraín