Shida ko Tara

Litinin, 3 ga Maris
Sakamako ya fito. Cikin sinadaran furotin goma sha biyu da muka ciro daga ƙwayar tarin fuka, lamba tara ce garkuwar jiki ta fi ganewa a jinin waɗanda suka warke. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya ce wataƙila a kanta za a gina rigakafin. Ni na haɗa gwajin, sai hura hanci nake.

Laraba, 5 ga Maris
Baba ya gaya wa duk layinmu 'yarsa ta gano maganin tari. Na ce rigakafi ne, kuma da saura. Ya ce, "Ke dai yi shiru, jinina na ciki." Gaskiyarsa. Shi ma ya bayar, bayan wata shida yana haɗiyar ƙwayoyin maganin tarin fuka.

Juma'a, 7 ga Maris
Na buɗe firiza, ga kwalabe biyu da rubutuna a murfi. Na juya ɗaya, tara ta koma shida. Ban ja layi a ƙasan lambobin ba. Yanzu ban san wacce na ɗiga a ina ba. Ni da nake yi wa Doguwa, abokiyar aikina, tsiya wai rubutunta kamar kaza ta yi tono.

Asabar, 8 ga Maris
Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 10 ga Maris
Farfesa ya ce a ajiye shida, a ƙarar da ragowar jinin a kan tara. Jinin kaɗan ne, in ya ƙare ya ƙare. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "To, ranka ya daɗe." Kunyar kaina nake ji.

Talata, 11 ga Maris
Na faɗa, a gaban kowa. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce Juma'a. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 20 ga Maris
An maimaita gwajin. Shida ce, ba tara ba. Da na yi shiru, da jinin mutum arba'in ya tafi a banza.
Na gaya wa Baba komai. Ya naɗe hannun riga ya ce, "In ya ƙare, akwai saura."
Yau na miƙa wa Doguwa kwalabena ta duba kafin in sa a firiza. Don sauri ne kawai. Ta sa hannu a takardar shaidar ta duba. Rubutun nata ma ana karantawa.