Asabar Ba Ƙwallo

Zuwa ga ƙanwata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Jikin maigidana Malam yana nan yadda kika bar shi: ɓarin dama bai dawo ba, magana kuma ta ƙi fita.

Ina sanar da ke cewa na daina biyan kuɗin tashoshin talabijin. Ba rashi ne ya sa ba. Na duba ne na ga mutum mai shekarunsa da larurarsa bai kamata ya ƙarar da ranakun Asabar yana kallon samari suna bin ƙwallo ba. Na tambaye shi ko ya yarda, ya gyaɗa kai. Sai dai tun da ciwon nan ya same shi, ko ruwa na miƙa ko magani, gyaɗa kai yake yi.

Ina naɗe wayoyin dikodar sai na tuna ranar da aka kafa farantin kama tashoshi a kan rufi. Mai kafawa yana sama yana juya shi, Malam yana falo yana cewa ya kawo, ya ɗauke, yaranmu sun jeru daga ƙofa har tsakar gida suna miƙa saƙon. Tun daga ranar falona ya zama na abokansa, Tela da Dogon Direba da Mai Kantin Magani. Tela kaɗai ke goyon bayan masu jar riga, don haka shi ake taruwa a kai. Malam yakan ce masa wanda bai iya yanka wuyan riga daidai ba ina zai iya zaɓen ƙungiya. Shi kuma ya ce ai wuyan Malam ne karkatacce. Ni ina kicin ina tsaki, ina kuma dafa musu shayi.

Yanzu gidan ya yi tsit. Ina ganin na kyauta.

Ki gaida kowa.
Taki,
Yayarki

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na sami amsarki, na kuma yi murna da jin gwiwar ta lafa. Yaya karatun yara? Kin tambaye ni ko cire tashoshin ya yi amfani. Na so in ce ya yi, amma ba na son in rubuta miki abin da ban tabbata ba.

Asabar ta farko duk sun zo. Suka yi ya jiki, suka yi addu'a, sai maganar ta ƙare. Dogon Direba ya yi ta juya makullin mota a hannu, Tela yana tsintar zare a hannun rigarsa. Ba su shanye shayin ba suka tashi. A mako na gaba biyu suka zo. Daga nan sai aike.

Shi kuwa Malam, duk Asabar sai ya nuna mini haɓarsa in yi masa aski, ya nuna farar rigarsa, in tura kekensa falo. Ba talabijin yake fuskanta ba, ƙofa yake fuskanta, har a kira la'asar.

Da farko na yanke musu hukunci a raina, na ce ashe abokan ƙwallo ne, ba abokan Malam ba. Sai da na kai ɗinki wurin Tela na yi masa gori. Ya tsayar da keken ɗinkin, sannan ya ce, "Uwargida, ba gudunsa muke yi ba. In ana ƙwallo, duk wuri ɗaya muke kallo, shi ma ɗaya ne daga cikinmu. In babu, shi muke kallo, ya kuma san shi muke kallo."

Tun daga nan nake tuhumar kaina. Don lahirarsa na yi, ko don kunnena da ya daɗe yana neman hutu? Na iya sa wa son raina rigar ibada, kin san ni. Duba mara lafiya lada ne, ga shi na toshe wa mutum uku hanyarsa.

Ki sa mu a addu'a.
Yayarki

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na mayar da dikodar, na biya, na kuma aika musu da sharaɗi ɗaya: in an kira salla a kashe, ko ana fenariti ne.

Mai Kantin Magani bai dawo ba, ya sami wani gidan kallon. Biyun sun zo. Ina ɗaki na ji masu jar riga sun ci, Tela ya tashi yana taka rawa a kan tabarmata, yana cewa ai tun suna samari Malam a ɓoye jar riga yake so, kunya ce ta hana shi faɗa.

Sai na ji wata murya mai kauri, a karkace, amma sarai: "Ƙarya!"

Watanni ke nan ina zama gabansa safe da yamma ina maimaita masa sunan Allah, ina roƙon ya zama shi ne farkon abin da harshensa zai kama. Ga shi abin da ya fara fita ƙaryata Tela ne. Na rasa ko in yi istigfari ko in yi hamdala. Na yi duka biyun, sannan na ɗora musu wani shayin.

Wassalam.
Taki har kullum,
Yayarki