Janaretanmu Ya Ƙone Ina Kallo

Laraba, da dare.

Ban faɗa wa kowa ba, amma na san janaretanmu zai ƙone tun kafin a tayar da shi. Kawu Bitrus ya kawo injin niƙa citta daga Kachia, an rubuta kilowat ɗaya da rabi a jikinsa. A makaranta an koya mana cewa kilowat ɗaya wat dubu ne, wato injin yana buƙatar wat dubu ɗaya da ɗari biyar. Janaretanmu kuwa wat ɗari tara ne.

Kawu ya ce wa Baba, "Haba Yaya, ina ɗaya da rabi, ina ɗari tara? Ko goma irinsa zai ja!"

Na buɗe baki, kunya ta hana ni magana. Suka haɗa injin, janaretan ya ƙone, har yanzu gidan yana warin ƙonanniyar waya. Kuma wai Kawu ya ɗora wa Mama laifi, ya ce gurɓataccen mai ta sayo. Tir da shi, tir da ni.

Gobe za su ari janaretan maƙwabta, ƙarfinsa ɗaya da namu. Na rubuta lissafin a takarda. Da safe zan karanta wa Baba a gaban Kawu.