Kwamfutar Kawu Sani

Parakou, Laraba 12 ga Maris, da dare

Na gaji. Tun safe nake zagaya shagunan unguwar Gare ina neman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin na da, saboda kwamfutar da ke juya wa Kawu Sani keken surfani a Djougou ta mutu. Kowa sai ya miƙo mini sabo. Sabon ba ya zama a gurbin tsohon, keken kuma bai san sabuwar kwamfuta ba.

Sau uku Kawu yana kira: "Ɗana, rigunan Sallah sun taru, masu su sun hana ni sakat."

Na ce masa gobe. Ƙarya na yi.

Abin da ke ci mini rai, bara ina da su cike da gwangwanin madara. Na ce tarkace ne, na auna wa mai sayen ƙarafa. Har godiya na yi masa.