Fatun Ƙararrawa Suna Cikin Gwangwanin Biskit

Zuwa ga yayata Glenda,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ciwon gwiwa? Ya mijinki Neville? Ni lafiya lau a nan mahaƙar Ostareliya. Awa goma sha biyu muke yi kullum, bayana yana ɗan damuna, amma kada Mama ta ji.

Lahadin tunawa da sojoji ta matso. Don Allah ki duba rumfata da ke bayan gidanmu, fatun da muke ɗaura wa harshen ƙararrawar coci don rage ƙararta suna cikin gwangwanin biskit. Ki kai wa tsoho Wilf, shugabanmu na masu kaɗa ƙararrawa. Gefe ɗaya ake ɗaurewa, bugun farko ya fito da ƙarfi, na biyu ƙasa-ƙasa kamar amsa daga nesa. Bara Neville ya ɗaure gefe biyu, ba wanda ya ji komai.

Wilf ya kira ni a waya. "Kai ɗan banza, ƙararrawa shida, mutum biyar! Igiyar ƙararrawarka tana nan rataye." Na ce ya koya wa wani mana. Ya ce, "Ina da shekara tamanin da ɗaya, yaushe?" Na yi dariya, amma ranar abinci ya ƙi ciwuwa.

Ki goge sunan kakan Baba a dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, gansakuka tana cin sa. Ki ajiye jan fure a madadina.

Kuma ki ce wa Mama ta daina tsayawa gaban dutsen nan tana kuka saboda ni. Na waɗanda ba su dawo ba ne. Ni gajiya kawai na yi.

Allah Ya tsare ku.

Ƙaninki,
Desmond