Maganin Ɓera a Ɗakin Gwaji

Afra'u Ishiyaku Kibiya,
Ɗalibar Ajin Ƙarshe,
Sashen Kimiyyar Halittu.
14 ga Janairu, 2013.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwaleji,
Rano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KASHE ƁERAYEN BINCIKENA DA CIRE SUNANA DAGA MASU KAMMALAWA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da Mai Girma cewa ranar 3 ga Disamba, 2012, malamin da ke duba bincikena, Malam Abdulganiyyu, ya umarce ni da in cike sauran sakamakon gwajina da alƙaluman da ban auna ba. Na ƙi, kuma har yau ina kan bakana. Ga yadda abin ya faru:

1. Bincikena a kan goro ne: shin yana ƙara natsuwa, ko gaggawa kawai yake sawa? Na horar da fararen ɓeraye a cikin akwati mai ramuka biyar. Fitila takan haska a rami ɗaya. Ɓeran da ya jira hasken ya sa hancinsa a nan sai ya sami ɗigon madara. Wanda ya sa hanci kafin haske, gaggawa ce. Wanda haske ya wuce shi, hankalinsa ba ya wurin. Bayan sun koya, sai in ba su goro in ga ko sun canza. Tun farkon damina nake wannan aiki. Kullum daga Kibiya nake zuwa, har direbobin tasha suka sa mini suna Uwar Ɓeraye, ban kuma taɓa jin kunyar sunan ba.

2. Bayan girbi ɓerayen rumbu suka addabi ofisoshi. Ofishin kula da gine-gine ya ba leburanmu, Kawu, magani, aka ce ya sa duk inda ɓera yake. Ba a sanar da ni ba, ba a kuma faɗa masa akwai ɓeran da ake kiwo ba. Ranar 26 ga Nuwamba ya zuba har cikin kejina. Washegari na sami ɓerayena duka a miƙe, sun mutu. Akwai wata mai tsagaggen kunne da ta fi kowa wahalar da ni kafin ta koyi jira. Ita na fara ɗauka. Ni kaɗai na binne su a bayan ɗakin gwaji.

3. Rabin gwajin kawai na kammala. Malam ya ce mai jarrabawa daga waje yana tafe, kada in kunyata sashe, ai kowa ya san abin da goro yake yi. Ranka ya daɗe, da an sani da ban auna ba.

4. Ranar 17 ga Disamba aka cire sunana daga masu kammalawa, aka rubuta mini rashin ɗa'a. Aka kuma aika wa mahaifina, malamin allo da bai taɓa shiga ofis ba, cewa 'yarsa ba ta ganin girman malamai. A gaban ɗalibansa aka isar masa da saƙon.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya sa a binciki lamarin, a goge rashin ɗa'ar da aka rubuta mini, a ba ni wasu ɓerayen da zango guda in sake aikin daga farko. Ina kuma roƙon kada a taɓa aikin Kawu, domin abin da aka umarce shi ne ya yi.

Na san abin da tsayuwata ta jawo mini. Abokan karatuna za su fita bana, ban da ni. Aikin koyar da kimiyya da aka yi mini alkawari a Kibiya an ba wani. Shekara guda ta tafi, ko da an biya mini duk buƙatuna ba za ta dawo ba. Na yarda da wannan asarar, amma ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Afra'u Ishiyaku Kibiya